Ulfila, Mai Juya Littafi Mai Tsarki Wanda Ya Tsallake Sarakuna

An haifi Ulfila wajen shekara ta 311 a cikin Gotawa, wata kabila ta mayaƙa da ke zaune arewa da kogin Danub a ƙasar Turai. Kakanninsa Kirista ne na Kafadokiya waɗanda Gotawa suka kamo a hari, suka mai da su bayi. Ta bakin irin bayin nan ne bishara ta fara shiga gidajen iyayengijinsu.

Yana da shekara kamar 30 aka naɗa shi bishop na Gotawa. Ya yi shekara 7 yana wa'azi, sai tsanani ya tashi a 348. Ya kwashi masu bi, ya haye kogi da su zuwa ƙasar Rumawa, inda Bulgariya take yanzu.

A can ya yi babban aikinsa. Gotawa ba su da littafi ko ɗaya. Ulfila ya shirya musu haruffa, yawancinsu daga na Helenanci, shi da mataimakansa suka juya Maganar Allah cikin harshensu. Amma wani marubucin tarihin ikilisiya mai suna Filostorgiyus ya ce da gangan ya bar littattafan Sarakuna, wato Sama'ila biyu da Sarakuna biyu bisa ga lissafinmu. Dalilinsa, labarin yaƙi ya cika su, mutanensa kuwa sun riga sun fi son yaƙi da kome. Linzami suke bukata, ba ƙaimi ba.

Kada mu yi saurin ganin laifinsa. Yana koya wa mutane su ƙaunaci magabtansu kamar yadda Ubangiji ya umurta, ya kuwa san sabon tuba mai takobi a rataye zai ji an umurci Saul ya hallaka Amalekawa duka, ya ce ai an ba shi izini ke nan. Wannan damuwa ta gaske ce, ta taɓa kama yawancin masu karatu. Duk da haka a ganinmu maganin bai dace da ciwon ba. Cikin littattafan nan ne Dawuda ya sami Saul a kogo ya ƙi kashe shi, a nan ne kuma annabi Natan ya tsauta wa sarki saboda jinin Uriya. Har Elisha ya ciyar da rundunar Suriya da ta zo kama shi, ya sallame su lafiya. Mayaƙi ya fi kowa bukatar jin waɗannan.

Akwai wani aibi kuma: ya koyar cewa Ɗa bai kai Uba ba, koyarwar da taron Nikiya na 325 ya ƙi.

Ya rasu a birnin Kustantiniya a 383. A shekara ta 410 Gotawa suka ci birnin Roma da yaƙi, suka yi kwana 3 suna ganima, amma sarkinsu Alarik ya hana a taɓa waɗanda suka fake a majami'un Bitrus da Bulus. Ragowar Bisharun da ya juya, rubutattu da tawadar azurfa, suna ajiye a garin Ufsala ta ƙasar Suwidin.