Felice Beato: Mai Hoton Ƙauyuka Da Fagen Fama

An haifi Felice Beato a birnin Venice na ƙasar Italiya a shekarar 1832. Ya fara yin suna da hotunan yaƙi a Kirimiya da Indiya da Sin.

A 1863 ya koma Yokohama ta ƙasar Japan, ya buɗe shagon hoto. A wancan zamani hoto baƙi da fari ne, don haka ya ɗauki masu zane 'yan ƙasar suna shafa wa hotunansa launi da hannu. Turawa matafiya suka riƙa rububin sayen hotunan ƙauyuka da tsaunuka da tsofaffin hanyoyi, domin irin Japan ɗin da suke marmarin gani ke nan, alhali kuwa ƙasar tana ta sauyawa, har jirgin ƙasa ya iso Yokohama a 1872.

Da ya yi asarar dukiyarsa a cinikin azurfa, sai ya bar Japan a 1884, ya zama mai hoton rundunar Ingila da aka tura Sudan ceto Janar Gordon. Kafin rundunar ta isa, dakarun Mahadi sun ci Khartum ranar 26 ga Janairun 1885, daga bisani Omdurman ta zama hedikwatarsu.

Beato ya mutu a Florence a 1909.