John Reith, Mutumin da Ya Ƙi Mayar da Rediyo Kasuwa

An haifi John Reith a Sikotland a 1889, kuma injiniya ne. A 1922 ya zama manajan BBC. A lokacin BBC kamfani ne na masu ƙera akwatin rediyo, burinsu su sayar da kayansu. A Amurka kuwa, kuɗin talla ne ya zama abincin gidajen rediyo. Reith ya ƙi wannan hanya, don kada mai kuɗi ya zaɓar wa jama'a abin da za su saurara. A 1927 BBC ta koma hukumar al'umma, ba talla, sai kuɗin lasisin masu rediyo. Ya bar aikin a 1938, ya mutu a 1971. Sashen Hausa da muke saurare an buɗe shi a 1957.