Marigayi Fela Sowande, 1905 zuwa 1987

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tsafe, ko a Bilbis ne ko a cikin gari, ya san yadda waƙa take yin rai bayan mai ita ya kwanta dama. Musa Ɗankwairo ya rasu tun 1991, amma waƙar da ya yi wa 'Yandoton Tsafe ta bi kaset, daga kaset ta shiga wayar hannu, har yaran da ba su taɓa ganinsa ba suna rera ta. Akwai wani ɗan ƙasarmu wanda shi ma faifai ne ya riƙe sunansa, sai dai a ƙasashen waje aka fi sake buga aikinsa. Sunansa Fela Sowande. Kada a haɗa shi da Fela Kuti mai kiɗan zamani. Sunan fari ne ya zo ɗaya.

An haife shi ranar 29 ga Mayu, 1905, a ƙasar Yarabawa. Mahaifinsa, Emmanuel Sowande, limami ne a Ikkilisiyar Anglikan, kuma ya koyar a kwalejin St. Andrew da ke Oyo. Yaron ya tashi cikin mawaƙan majami'ar Christ Church ta Legas, a hannun T.K.E. Phillips, wanda ya koya masa kaɗa ogan, wato wannan babban abin kiɗa mai bututu da yawa da ake samu a manyan majami'u.

A wurin Phillips ne ya fara fahimtar matsalar da ta zama aikin rayuwarsa. Yarabanci harshe ne mai hawa da saukar murya, kamar dai Hausa. Mu ma mun san cewa garin da ake zama a cikinsa daban yake da garin da ake tuƙa tuwo, kunne ne kaɗai yake raba su. To, masu bishara na farko sun ɗauko karin waƙoƙin Ingila suka ɗora wa kalmomin Yarabanci, sai muryar ta hau inda ya kamata ta sauka, ma'ana ta karkace, masu sujada suna rera abin da ba shi suke nufi ba. Mawaƙan cocinmu a Gusau da kewaye sun san wannan ciwo a wasu tsofaffin waƙoƙin da aka fassara mana. Maganin da Phillips ya nuna, wanda almajirinsa ya ɗauka ya kai nesa, shi ne a bar harshe ya haifi karinsa.

A 1934 Sowande ya tafi Landan da niyyar karatun injiniya, amma kiɗa ya rinjaye shi. Da dare yana kaɗa piyano da ogan a gidajen rawa domin ya ci abinci, har ya yi wa shahararriyar mawaƙiyar nan ta Amurka, Adelaide Hall, kiɗa. Da rana yana karatu. A 1943 ya ci jarrabawa mafi girma ta kwalejin masu kaɗa ogan ta Ingila, da kyaututtuka. Daga 1945 zuwa 1952 shi ne mai ogan kuma shugaban mawaƙa a majami'ar Methodist ta Kingsway Hall a Landan. Cikin kiɗan ogan da ya rubuta akwai wanda ya sa wa suna Obangiji. Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan: kalmarmu ce, Ubangiji, wadda Yarabawa suka ara suna kiran Allah da ita.

Aikinsa da ya fi shahara shi ne African Suite, wanda ya rubuta a 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Kiɗa ne na ƙungiyar masu goge irin na Turawa, manya da ƙanana, ba murya a ciki, an raba shi kashi 5. Biyu daga ciki ya gina su a kan karin Ephraim Amu na ƙasar Gana. Ɗaya kuma na begen gida ne, a hankali yake tafiya, kuma a ganina nan ne mutumin ya fi bayyana kansa. Na ƙarshe, Akinla, kiɗan rawa ne mai zafi, wanda gidan rediyon ƙasar Kanada ya yi shekaru yana amfani da shi a matsayin taken wani shiri.

Kamfanin Decca ya ɗauki wannan kiɗa a faifan garmaho a farkon shekarun 1950. Daga 1974 zuwa 1978 kamfanin Columbia na Amurka ya fitar da faifai 9 na ayyukan baƙar fata masu tsara kiɗa, ƙarƙashin jagorancin Paul Freeman, aka sa kashi 3 na African Suite a ciki, makaɗan London Symphony ne suka kaɗa. Faifan suka ƙare a kasuwa, aka daɗe sai mai tsohon kwafi. A 2019 kamfanin Sony ya gyara sautin, ya sake fitar da su duka a akwati ɗaya. Mu Katolika muna da namu a wannan akwati: akwai Misar matattu da Fada José Maurício Nunes Garcia, limami jikan bayi a Birazil wanda ya rasu a 1830, ya tsara.

Sowande ya dawo gida a 1953, ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya, ya kuma duƙufa wajen ɗaukar waƙoƙin gargajiya a na'ura kafin tsofaffin da suka san su su shuɗe. Don bikin samun 'yancin kai na 1960 ya tsara babban kiɗa mai suna Folk Symphony, shi ma a kan karin gida. A lura, duk wannan ya faru kafin Majalisar Vatikan ta Biyu ta umarta, a 1963, cewa a ba kiɗan gargajiyar al'ummai gurbinsa a sujada. Kalangu da ganga da muke ji a Misa yau, irinsu Sowande sun riga sun share musu fage a wata ɗarikar.

Daga baya ya koma Jami'ar Ibadan, ya nutsa cikin binciken addinin gargajiya na Yarabawa, musamman Ifa, ya yi rubutu a kansa. A nan limami ba zai bi shi ko'ina ba, ko da yake ya yi aikin da natsuwa irin ta malami. A 1968 ya koma Amurka, ya koyar a jami'o'in Howard da Pittsburgh da Kent. Ya rasu a garin Ravenna na jihar Ohio ranar 13 ga Maris, 1987, yana da shekara 81. Allah ya ba shi hutawa ta har abada.