Ɗantunku, Sarkin Kazaure na Farko

Duk wanda ya taso daga Kano ya nufi Daura, da zarar ya wuce Dambatta zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗun gonaki sukan ja baya, duwatsu da kwazazzabai su bayyana, har ya iso Kazaure. A wannan yanki ne Ɗantunku ya yi rayuwarsa, mafi yawanta a kan doki da sansanin yaƙi, kuma waɗannan duwatsu ne suka zame masa garkuwa a lokacin da Kano ta taso masa da dukkan ƙarfinta.

Ɗantunku Bafulatani ne daga zuriyar Yarimawa, kuma Dambatta ce mazauninsa na farko. Sunansa ya fito fili ne bayan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a shekarar 1804, jihadi ya bazu a ƙasar Hausa. A farkon yaƙin, sarakunan Haɓe na Kano da Katsina da Daura sun ƙudiri aniyar haɗa rundunoninsu wuri guda domin su murƙushe jama'ar Shehu. Ɗalibi ya duba taswira zai ga cewa yankin Ɗantunku yana tsakiyar ƙasashen nan uku ne. Shi ya tare hanya, ya hana haɗuwar. Saboda wannan aiki Shehu ya ba shi tuta. Daga bisani kuma ya taimaka wajen kafa mulkin masu jihadi a Daura.

Tutar nan ita ce tushen duk abin da ya biyo baya. A tsarin daular, wanda ya karɓi tuta daga hannun Shehu yana da damar kai caffa ga Sarkin Musulmi kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun wani sarki ba. Sai dai ƙasar da Ɗantunku yake riƙe da ita, Kanawa suna ganin arewacin Kano ce. A zamanin Sarkin Kano Sulaimanu, wanda malami ne mai sauƙin hali, ba a tayar da maganar ba. Da ya rasu a 1819, Ibrahim Dabo na Sulluɓawa ya hau gado, sai ya nemi Ɗantunku ya yi masa mubaya'a. Ɗantunku ya ƙi. Sarkin Kano ya mayar da martani ta hanyar damƙa arewacin Kano baki ɗaya ga Sarkin Bai, shugaban Dambazawa, har da wuraren da Ɗantunku ya ci da takobinsa. Daga nan ba sauran magana sai yaƙi.

An shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa, a yi a huta, a sake komawa. Da farko Ɗantunku ne yake da rinjaye, har mahayansa suna kai hari gindin ganuwar birnin Kano. To amma Kano ta fi shi yawan jama'a da dawaki da dukiya nesa ba kusa ba, kuma sannu a hankali aka riƙa tura shi baya. Baturen Birtaniya mai yawon gano ƙasashe, Kyaftin Clapperton, ya iso Kano a farkon 1824, ya tarar Sarki yana sansani a wajen gari yana shirin fita wannan yaƙi. Dambatta ta suɓuce wa Ɗantunku, ya tattara iyalinsa da jama'arsa ya dogara da duwatsun Kazaure.

A nan ne, a ganina, gwanintarsa ta fi bayyana. Rundunar da ta saba da fili, mai dawaki sanye da lifidi, ba ta iya sakewa a tsakanin duwatsu, inda hanya take da ƙunci kuma maƙiyi yake ganinka kai ba ka ganinsa. Shi kuwa ya san mashigai da mafitai, ya san inda ruwa yake da rani. Kano ta iya korarsa daga gari, amma ta kasa kama shi, ta kuma kasa tilasta masa biyayya.

Bari mu ɗan ratse a kan sunan garin. Ruwayar baka tana cewa wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya fara zama a wurin; da danginsa suka biyo sawunsa suka ga kwarin da duwatsu suka kewaye, sai suka ce wurin kamar zaure yake, daga nan aka sami Kazaure. Irin wannan bayani yana da daɗin ji, amma mai nazarin harshe ya san cewa sau da yawa suna ne yake fara samuwa, sannan a nemo masa labari. Malami kuma ya kula kada ɗalibansa su ɗauka wannan maharbi shi ne Kutumbi Sarkin Kano na ƙarni na 17.

Da yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka kai maganar gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ba ƙaramin hukunci ba ne, domin Kano ce mafi arziki a cikin masarautun daular, kuma ɓata wa sarkinta rai yana da haɗari. Duk da haka Bello ya girmama tutar da mahaifinsa ya bayar. Ya tabbatar wa Ɗantunku 'yancinsa daga Kano, Kazaure ta zama masarauta mai bin Sakkwato kai tsaye.

Ɗantunku bai daɗe yana cin moriyar wannan nasara ba, domin a 1824 Allah ya yi masa rasuwa. Ɗansa Dambo ne ya gaje shi, ya yi mulki har zuwa 1857, ya faɗaɗa ƙasar ya kuma daidaita ta. Zuriyarsu ce take sarautar Kazaure har yau, kuma masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Dambatta kuwa ta zauna a hannun Dambazawa. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Kazaure ta faɗa cikin sabuwar jiha, Dambatta ta tsaya a Jihar Kano.