WALTER GOWANS: ƘWAYAR HATSI DA TA FĀƊI A ƘASARMU

Karatu: Yohanna 12:20-26, Luka 9:57-62, 2 Korintiyawa 12:7-10

'Yan'uwa masu bi, a darasin nan za mu duba labarin wani saurayi wanda ya shigo ƙasarmu da bishara, bai cika shekara ɗaya ba ya mutu. Bai gina majami'a ba, bai yi wa kowa baftisma ba, bai bar littafi ko ɗaya da harshenmu ba. Ga idon mutum, aikinsa hasara ce tsantsa. Duk da haka labarinsa ya shafe mu mutanen ƙasar Kontagora ƙwarai, gama wahalar da ta ƙarasa ƙarfinsa ta same shi ne a hannun mayaƙan garin nan, ikilisiyoyi masu yawa na Arewa kuwa daga tafiyar nan tasa suka samo tushe.

Asalinsa da kiransa

An haifi Walter Gowans a ƙasar Sikotilan a shekarar 1868. Daga baya iyayensa suka yi ƙaura zuwa birnin Toronto na ƙasar Kanada. Uwarsa, Margaret Gowans, mace ce mai tsoron Allah, mai naciya ga addu'a. Ta riga ta sallami 'yarta zuwa ƙasar Sin domin aikin bishara, sa'an nan nawayar ƙasashenmu ta sauka a zuciyarta da ta ɗanta.

A zamanin nan Turawa suna kiran dukan ƙasashen da ke kudu da hamadar Sahara, tun daga kogin Kwara har zuwa kogin Nilu, da sunan Sudan. Akwai ikilisiyoyi a bakin teku, kamar Ikko da Abekuta, akwai kuma aikin Bishop Samuel Ajayi Crowther a Lakwaja da sauran garuruwan bakin kogi. Amma can ciki, a ƙasar Hausa da ta Gwari da ta Kambari, ba tashar mishan ko ɗaya.

Gowans ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a makarantar A. B. Simpson a birnin New York, a can ya yi abuta da Thomas Kent, mutumin Buffalo ta Amurka. Da ya gama, ya nemi ƙungiyar da za ta aike shi Sudan, bai samu ba. Ya haye zuwa Ingila, can ma aka ƙi, domin kuɗi sun yi ƙaranci, ƙasar kuma ta yi kaurin suna wajen cinye ran baƙi. Ana cikin haka, a Toronto, uwarsa ta gayyaci wani saurayi mai wa'azi, Rowland Bingham, zuwa gidanta, ta bayyana masa bukatar Sudan har maganar ta hana shi sakat. Bingham ya bi Gowans zuwa Ingila, Kent kuma ya iske su. Su uku suka shiga jirgin ruwa, ba albashi, ba wata babbar ƙungiya a bayansu. Suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba, 1893.

Tafiya zuwa Arewa

Maraba da suka samu a Ikko ba mai ƙarfafa zuciya ba ce. Wani babban ma'aikacin mishan da ya daɗe a wurin ya faɗa musu a fili cewa su kansu ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma haka, sai dai ko jikokinsu. Ba don mugunta ya faɗi haka ba, ya binne abokan aiki da yawa ne. Sai mu tuna, a lokacin ba wanda ya tabbatar sauro ne ke kawo zazzaɓin nan mai kisa, sai a 1897 likita Ronald Ross ya gano haka. Ba jirgin ƙasa, gama dogo bai kai Kano ba sai 1911. Mai tafiya sai ya bi ƙasa da 'yan alaro, ko ya shiga kwalekwale, yana ɗauke da yadi da sauran haja waɗanda zai riƙa musanyawa da abinci, domin wuri ne kuɗin kasuwa.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kā da Bingham. Suka shirya ya zauna Ikko ya riƙa karɓar wasiƙu yana aika musu da guzuri. Gowans da Kent suka kama hanya cikin 1894, suka haye Kwara, suka kai Bida. Da guzuri ya yi ƙasa, Kent ya koma bakin teku domin ya ƙaro, Gowans kuwa ya yi gaba zuwa Arewa, shi kaɗai ne Bature cikin tafiyar.

Shekarun nan na yaƙi ne. Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora, ɗansa Ibrahim kuma shi ne Sarkin Sudan a lokacin, rundunarsa tana kai hari nesa da kusa, ana kama bayi kamar yadda ake yi a wurare da yawa a zamanin. Gowans ya fāɗa hannun mayaƙan nan. Kayan da yake dogara da su domin abinci da biyan 'yan alaro suka salwanta, yunwa da ciwo suka ci ƙarfinsa. Daga baya aka sake shi, amma jiki ya riga ya lalace. Ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau ran 17 ga Nuwamba, 1894, yana da shekara kamar 26. Kent ya komo da guzuri, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Bida ran 8 ga Disamba na shekarar. Tsakanin mutuwar abokan nan biyu mako uku ne kurum.

Abin da ya biyo baya

Bingham ya koma Kanada a 1895 da 'yan kayan Gowans, ya kai wa uwar. Wane irin nauyi ke kan mai kai irin wannan saƙo! Amma tsohuwar ba ta zarge shi ba, ba ta kuwa zargi Allah ba. Ta nuna masa cewa mutuwar ɗanta shi kaɗai a Sudan cikin biyayya ga Ubangiji ta fiye mata zamansa lafiya a gida cikin rashin biyayya. Ta ci gaba da addu'a saboda ƙasar da ta cinye ɗanta.

Bingham kansa ya sha gwagwarmaya a zuci, yana tambaya don me Allah ya bar masu aminci su mutu tun ba su fara ba. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kā da shi a Ikko, aka mai da shi gida. Sai a karo na uku, a 1902, aka kafa tasha a Pategi ta ƙasar Nufe. Daga wannan tushe aikin Sudan Interior Mission ya yaɗu, har aka kafa ikilisiyar ECWA a 1954. Ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe Pategi, A. W. Banfield, shi ne ya fara wani aiki a Tsonga a 1905, wanda ya zama United Missionary Society. Aikin nan ya hau zuwa Salka da Zuru da Tungan Magajiya, daga gare shi ikilisiyar UMCA ta fito. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Ga shi yau ana raira waƙar yabo ga Yesu a ƙasar Kontagora, da Hausa da Kambarci da Dakarci.

Abin da za mu koya

Na fari, almajiranci biyayya ce ta kowace rana. Gowans bai ga amfanin gonarsa ba, amma ya yi abin da aka sa shi. Yawancinmu ba za a kira mu zuwa wata ƙasa mai nisa ba. Wurin biyayyarmu shi ne gona da kasuwa da ɗakin girki: mudu na gaskiya, biyan bashi a kan lokaci, riƙon alkawari, haƙuri da maƙwabci mai wuyar hali. Wanda ya kama garma, idonsa a gaba yake, kamar yadda karatunmu na Luka ya koya.

Na biyu, alherin Allah yana aiki cikin rashin ƙarfi. Samarin nan uku ba su san harshen ƙasa sosai ba, ba su san maganin zazzaɓi ba, shirinsu ma yana da giɓi. Allah bai jira gwanaye ba. Kada wani a cikinmu ya ce shi ba mai ilimi ba ne, ko matalauci ne, don haka ba shi da rabo cikin aikin Ubangiji. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ba shi alherin da zai ɗauke ta.

Na uku, a lura da uwar. Margaret Gowans ba ta taɓa taka ƙasar Afirka ba, amma a ɗakinta aka haifi aikin. Ku iyaye, ku matan zumunta, addu'ar da kuke yi wa 'ya'yanku da abin da suke ji daga bakinku a gindin murhu, iri ne kuke shukawa.

Na huɗu, labarin nan ba dalilin riƙe kowa a zuci ba ne. Zamanin harin bayi ya wuce. Mu da maƙwabtanmu Musulmi rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Gowans ya zo ne domin ƙaunar mutanen ƙasar nan duka, har da waɗanda suka kama shi. Mai bin sawunsa zai girmama sarakuna, ya yi musu addu'a, ya nemi zaman lafiyar gari, ya kuma ba da shaidarsa da tawali'u.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bisa ga Yohanna 12:24, me ya wajaba ya sami ƙwayar hatsi kafin ta ba da amfani? Ta yaya wannan ya cika ga Gowans da Kent?
2. Da kai ne Bingham a 1895, me za ka faɗa wa uwar abokinka?
3. Wane aiki ne Ubangiji ya ba ka wanda har yanzu ba ka ga amfaninsa ba? Me ke sa ka so ka bari?
4. Ta wace hanya ikilisiyarmu za ta nuna ƙauna ga maƙwabtan da ba su bi tafarkinmu ba a cikin makon nan?

Ayar haddacewa: 2 Korintiyawa 12:9.

A rufe da addu'a. A gode wa Allah saboda waɗanda suka kawo mana bishara da ransu, a roƙa wa masu bishara da ke ƙauyuka ƙarfi da lafiya, a kuma roƙa kowannenmu ya zama mai aminci a wurin da Ubangiji ya ajiye shi.