Michael DeBakey: Likitan Da Ya Ɗinka Jijiyar Jini Da Keken Matarsa

Masu sayar da yadi da teloli, daga kasuwar Maijirgi har ta Tasawa, yau tarihin wani naku muka ɗauko, ko da yake likita ne. An haifi Michael DeBakey ranar 7 ga Satumba 1908 a garin Lake Charles na Amurka. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga Labanon. Mahaifinsa yana da kantin magani, mahaifiyarsa kuwa gwanar ɗinki ce, ita ta koya masa riƙon allura tun yana yaro. Ya gama karatun likita a Jami'ar Tulane a 1932, ya ƙaro ilimi a Faransa da Jamus, sannan ya koma birnin Houston a 1948.

Ciwon da ya sa a gaba shi ne na babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta ratsa ƙirji da ciki. Idan bangonta ya yi rauni sai ta kumbura, kamar tiyub ɗin keke da ya yi ƙulu. Sau da yawa mai ita bai san yana da ita ba, ranar da ta fashe kuwa jini kan ƙare kafin a kai asibiti. Tsufa da taba da hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta.

A farkon shekarun 1950 ya shiga wani kanti neman yadin nailan, aka ce ya ƙare, mai jiran kantin ya nuna masa wani sabon yadi mai suna Dacron. Ya saya, ya koma gida ya hau keken ɗinkin matarsa, ya ɗinka shi kamar bututu. Da irin wannan bututun aka riƙa maye gurbin jijiyar da ta lalace, kuma har yau ana amfani da yadin. Mu dai a ganinmu mai jiran kantin nan ma ya ci a yaba masa. A 1964 tsohon Sarkin Ingila Edward na Takwas da kansa ya tafi Houston, DeBakey ya yi masa wannan aikin.

Me ya kai sarki har can, alhali Landan cike take da likitoci? Sabo da aiki. Bincike ya sha nuna cewa asibitin da ke yawan yin wannan tiyata ya fi ceto marasa lafiya a kan wanda ke yin ta jefi-jefi, domin ba mai wuƙa kaɗai ke aikin ba: akwai mai ba da maganin barci, da masu tanadin jini, da masu kwana kan maras lafiya bayan an ɗinke shi. Don haka wanda hoton ciki ya nuna masa wannan kumburi, ko a Maraɗi ko a Yamai, ba rashin kunya ba ne ya tambayi sau nawa asibitin da aka tura shi ke yin aikin a shekara.

Abin ya zo kansa a ranar ƙarshe ta 2005, yana da shekara 97, lokacin da bangon jijiyarsa ya tsage. Da farko ya ƙi a yi masa aiki. Da ya fita hayyacinsa, masu maganin barci suka noƙe saboda ya riga ya sa hannu cewa kada a farfaɗo da shi, matarsa ta biyu kuma ta kafe sai an yi. A watan Fabrairu 2006 likitocin da ya horar suka shafe awa bakwai a kansa a asibitin Methodist, suka saka masa bututun Dacron. Ya yi wajen wata takwas a kwance, ya tashi, har ya gode musu.

Ya rasu ranar 11 ga Yuli 2008, saura wata biyu ya cika shekara 100.