Jan-Anri Fabar, Malamin Ƙwari

An haifi Jan-Anri Fabar a shekara ta 1823, a wani ƙauye na kudancin Faransa. Da faransanci ana rubuta sunansa Jean-Henri Fabre. Iyayensa talakawa ne. Yana yaro ya yi tallar lemun tsami, ya yi aikin lebura. Duk da haka ya ci jarrabawa, ya shiga makarantar horon malamai. A 1842 ya fara karantar da yara.

Ranar da ba lakol sai ya nufi daji, ya kwanta ƙasa cikin rana yana kallon buzuzu da zanzaro. Masu wucewa sun ɗauka taɓaɓɓe ne. A 1870 aka matsa masa har ya bar aiki, domin waɗansu ba su so darussan kimiyya da yake ba ƴan mata ba. Da rubuta littattafan makaranta ya ci da iyalinsa. A 1879 ya sayi gida da kangon fili a garin Serinyan, ya zauna da ƙwarinsa.

Akwai wani irin zanzaro mai haƙa rami cikin rairayi. Fabar ya ga ƙananan ƙudaje suna zaune kusa da ramin, suna jira. Da uwar ta kawo abincin ɗanta, ta sa kai cikin rami, sai ƙuda ya yi wuf ya sauke nasa ƴaƴan bisa abincin. Waɗannan ƙudaje da ido suke aiki. To, cikin duhu fa, da me ƙwaro ke gane abin da yake nema?

Wata safiya, cikin watan Mayu, macen wani babban faɗa-wuta ta fito daga kwasfarta a ɗakinsa. Ya rufe ta da raga ta ƙarfe. Da dare ya yi, maza wajen 40 suka cika gidan. Cikin dare 8 ya ƙidaya kusan 150. Ya sa ta cikin akwatin da iska ba ta shiga, ba wanda ya zo. Ya buɗe ƴar kafa, sai ga su.

Daga baya ya gwada da wani irin faɗa-wuta. Ya kife macen da ƙoƙon gilashi, inda kowa ke ganinta. Mazan suka wuce ta, suka taru bisa rairayin da ta kwana a kai. Ashe ƙanshi suke bi, wanda hancin mutum ba ya ji. Da ƴan ƙahonnin nan biyu na kansu suke shinshina.

Fabar ya rubuta abubuwan da ya gani cikin littattafai 10. Ya rasu a 1915, bai san da me aka yi ƙanshin ba. Sai a 1959 masana a Jamus suka ware shi daga jikin macen faɗa-wutan siliki.

A 1971 kuma, a tsibiran Hawai, aka gano ƙanshin na da wani mai bi. Kun san koren ƙwaro mai wari da ke tsotse wake. Namijinsa na sakin ƙanshi don kiran mace. Wani ƙuda na ƙasar Amurka, Tirikofoda, shi ma yana ji. Yakan bi ƙanshin har wurin ƙwaron, ya manna ƙwai a jikinsa. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta huda fata, ta ci shi daga ciki har ya mutu. Shi ya sa maza suka fi mata ɗaukar ƙwan.

Manoman Tawa da na arewacin Adar su ma suna da irin waɗannan mataimaka. Fara takan binne ƙwanta cikin ƙasa a ƙarshen damina. Akwai ƙudaje masu gashi da tsutsotsinsu ke cinye ƙwan tun ruwa bai sauka ba. Maganin feshi kuwa ba ya zaɓe, yakan kashe fara, ya haɗa da ƙudan.